Kura a Hanyar Yoko: Neman Taimakon da Ba Ya Cikin Kwamfuta

Ƙaninta ne ya karanta shafin, da dare bayan sallar isha'i, a ɗakin kakarsu da ke wani lungu na unguwar Briqueterie a birnin Yaounde. Yaron ɗan makarantar Faransanci ne, yana jin Hausa sarai, amma karatunta sai ya bi baƙi da baƙi. Ya zo daidai wurin da ayarin kakanninsu ya baro Tibati ya doshi Yoko, sai ya ce, "Suna cikin tafiya sai kura ta taso musu."

Tsohuwa ta ɗago kai daga matashi. "Wace kura kuma?"

"Haka aka rubuta, Kaka."

"Ni ban ce kura ba. Ƙura na ce, ƙurar shanu. Ke 'yar nan, abin da kike rubutawa ke nan a cikin injin naki? Ki sa wa ubana kura a hanya, gobe jikoki su ce namun daji suka koro mu?"

Ɗalibar ba ta da amsa. Wata uku ta yi tana ɗaukar muryar tsohuwar a waya, tana kwafewa a takarda, sannan ta buga a kwamfuta, domin aikin da za ta miƙa a sashen nazarin harsunan Afirka na jami'a. Labarin shi ne yadda zuriyarsu ta taso daga ƙasar Kano, ta zauna a Yola, ta wuce Ngaoundere, har ta gangaro kudu ta hanyar fatake. Babu wanda ya saura da ya san shi da tsarinsa sai wannan tsohuwa, ita kuwa jikinta ya yi nauyi tun farkon damina. Shafi arba'in da ɗoriya aka buga, kuma babu ƙugiya ko ɗaya a cikinsu. Allon madannan kwamfutar irin na Faransa ne, wanda layinsa na farko ya fara da A, Z, E, R, T, Y. Yana da é da è da ç, amma ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ. Ta yi ta gaya wa kanta cewa za ta gyara daga baya.

Duk ɗalibin Hausa ya san jerin kalmomin da malamai ke kawowa a nan: baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, daidai da ɗaiɗai, bari da ɓari. A aji abin yakan zama kamar wasa, domin Bahaushen da ya tashi cikin harshen yana cike giɓin da kansa, ya gane daga zubin magana. To amma ba kowane mai karatu ne Bahaushen Kano ba. Yaran Briqueterie suna tasowa ne da Hausa a gida, Fulatanci a wajen maƙwabta, Faransanci a makaranta da titi, kuma irinsu ne za su gaji wannan rubutu. A wurinsu abin da ke kan takarda shi ne abin da aka faɗa. Tun a shekarun 1930, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ke daidaita rubutun boko, aka zaunar da baƙaƙen nan masu ƙugiya saboda irin wannan mai karatu.

Wata abokiyar karatunta ta taɓa ce mata manhajar rubutun tana iya musanya baƙaƙe da kanta idan aka koya mata, sai dai ba ta tuna yadda ake yi ba. Manhajar ita ce LibreOffice, wadda mai gyaran kwamfuta ya sa mata lokacin da ta sayi na'urar ta hannu, saboda kyauta ce, ba ta neman lasisi. A daren nan, bayan kowa ya kwanta, ta buɗe ta, ta danna maɓallin F1, wanda shi ne ƙofar taimako a kusan kowace manhaja. Wani ɗan akwati ya fito da Faransanci, yana sanar da ita cewa ba a girka littafin taimako a wannan kwamfuta ba, amma tana iya karanta shi a intanet. Datarta ta ƙare tun la'asar. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, wuta kuma ta ɗauke, batir ya nuna saura minti arba'in.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da ya faru, domin ba lalacewa ba ce, ko da yake ta yi kama da ita. LibreOffice ta samo asali ne a Satumbar 2010, lokacin da wasu masu aikin OpenOffice.org suka ware suka kafa gidauniyar The Document Foundation, wadda daga baya aka yi wa rajista a Jamus. Ana fassara manhajar zuwa harsuna masu yawa, kuma littafin taimakonta shafuka ne dubbai. Da za a cusa littafin kowane harshe a cikin fayil ɗin girkawa, da ya yi nauyin da zai wahalar da kowa. Saboda haka aka raba su: manhaja daban, littafin taimako daban, kowane harshe da ƙunshinsa. A shafin saukewa, babban maɓalli na manhajar ne, na taimakon kuwa ɗan rubutu ne a ƙasa wanda ido ke tsallakewa. Mai gyaran da ke girka wa kwamfuta goma manhaja a rana daga filas guda ba zai tuna da shi ba, kuma mai saye ba ya sanin an bar wani abu sai ranar da ya buƙace shi.

Hikimar rabawar a fili take, amma an gina ta ne a kan zaton cewa intanet kamar iska take, tana ko'ina. A Kamaru data abin saye ne da ƙididdiga, na yini ko na mako, kuma ɗalibi yakan zaɓa tsakaninta da kuɗin tasi zuwa Ngoa-Ekelle. Akwai ma abin da ya fi wannan. A 2017 an katse intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na ƙasar tun daga watan Janairu har zuwa Afrilu, kimanin wata uku cur. Duk wanda taimakonsa ke intanet a Bamenda ko Buea a wancan lokaci, to, ba shi da taimako.

Da safe ta tafi wani shagon buga takardu da ke bakin titi. Briqueterie unguwa ce da ba ta ɓoye sana'arta. Sunan ya samo asali daga wurin yin bulo na zamanin Jamusawa, waɗanda suka kafa sansaninsu a Yaounde a 1889, amma mutanen gari sun fi saninta da unguwar Hausawa: teloli jere da kekunansu, masu sayar da shadda da atamfa, masu tsire da hayaƙinsu ke tashi tun yamma, ga babban masallaci a tsakiya. Tsakanin waɗannan akwai ƙananan shaguna masu kwamfuta ɗaya ko biyu da injin hoton takarda. Yaron shagon ya ji bayaninta, ya ce abu ne mai sauƙi. Ya shiga shafin manhajar, ya sauke ƙunshin taimako na Faransanci, ya zuba mata a filas, wanda a can ake kira kile, ya karɓi kuɗinsa. Fayil ɗin 'yan megabait ne kawai, bai ɗauki minti biyu ba.

Ta koma gida ta girka shi. Komai ya tafi lafiya, babu gargaɗi, babu ƙorafi, har ya ce an kammala. Ta danna F1. Akwatin jiya ya sake fitowa, da kalmominsa na jiya.

Wannan shi ne wurin da mafi yawan mutane ke sarewa, kuma ba a ga laifinsu ba. Na'ura ta ce ta karɓa, sannan ta ce ba ta gani ba. Ta kashe ta kunna, ta cire ta sake sawa, duk a banza. Kawunta, wanda tela ne, yana zaune a kan kekensa a zaure yana jin tsakinta. Da ta gaya masa, sai ya ce shi bai san kwamfuta ba, amma ya san wanda ya sani: wani dattijo Bafulatani mutumin Garwa, da ke bayan masallaci, wanda ke buga takardun jarrabawar Islamiyya da katin ɗaurin aure. "Je ki gaishe shi, ki ce ni na aiko ki. Matambayi ba ya ɓata."

Dattijon bai taɓa kwamfutar ba sai da suka gama gaisuwa, ya tambayi jikin tsohuwa, ya yi mata addu'a. Sannan ya ce, "'Yata, buɗe mini wurin da take faɗin shekarunta." Abin da yake nufi shi ne layin ƙarshe a ƙarƙashin Aide, inda aka rubuta À propos de LibreOffice. Akwatin ya nuna 7.6.4.1, da X86_64 a gefe. Ya ce ta buɗe filas ɗin ta karanta masa sunan fayil ɗin da aka ba ta. A cikin sunan akwai 24.8, akwai kuma x86 ba tare da 64 ba.

Kuskure biyu ke nan a fayil guda. Na farko na zubi ne. Manhajarta ta jerin 7.6 ce, wanda ya fara fitowa a Agustan 2023. Daga farkon 2024 aka canza salon lambar, aka koma shekara da wata, shi ya sa bayan 7.6 sai 24.2, sannan 24.8. Wanda bai san haka ba zai ɗauka an yi tsalle na zubi goma sha bakwai. Yaron shagon ya ɗauko abin da ya tarar a fuskar shafin, wato sabo, alhali ƙunshin taimako ana son ya zo daidai da zubin manhajar da zai zauna a cikinta. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Windows tana ajiye manhajoji masu bit 64 a jaka ɗaya, masu bit 32 a wata jakar mai suna kusan iri ɗaya. Ƙunshin da aka ba ta na bit 32 ne, don haka ya tafi ya sauke kayansa a gidan maƙwabta. Dattijon ya buɗe jakar ya nuna mata: ga wata LibreOffice can da babu komai a cikinta sai jakar help, da wata ƙarama mai suna fr, cike da shafuka. Ita kuwa manhajar tana leƙa ɗakinta tana ganin wayam.

Ya duba abu na uku duk da cewa bai zama matsala ba a nan, wato harshe. Manhajar tana neman littafin ne da harshen da fuskarta ke magana da shi. Idan fuskar Turanci ce aka girka littafin Faransanci, za ta ce babu. A ƙasa mai harsunan hukuma biyu kamar Kamaru, inda kwamfuta ɗaya kan ratsa hannun mai Turanci da mai Faransanci kafin ta iso ga mai ita, wannan yakan faru fiye da yadda ake zato. Tata fuskar Faransanci ce, littafin ma haka, sai aka wuce.

Hanya biyu ce ta rage. Ko a sabunta manhajar gaba ɗaya, wanda ke nufin sauke fiye da megabait 300, ko a nemo tsohon ƙunshin da ya dace. Gidauniyar tana da rumbun tsofaffin zubi a intanet, kowanne da jakarsa bisa lambarsa. Dattijon ya haɗa wayarsa da kwamfutar, ya shiga jakar 7.6.4.1, ya bi ta Windows, ya bi ta x86_64, ya zaɓi fayil mai helppack da fr a sunansa. Ya cire na farkon tukuna, sannan ya girka wannan. Da aka danna F1, burauza ce ta buɗe, har ɗalibar ta ce, "Baba, ai intanet ta sake kai mu." Ya cire wayar ya ajiye a aljihu, ya ce ta sake dannawa. Shafin ya fito kamar da. Tun 2018 littafin ya koma shafukan da ake karantawa a burauza, amma suna kwance ne a cikin kwamfutar, kuma adireshin da ke sama yana farawa da file, alamar cewa daga gida aka ɗauko su.

Da ta ba kawunta labari da yamma, ya yi dariya har ya tsayar da keke. Ya ce wannan ai ko yaron shago ya sani: ba a yanko hannun babbar riga a ce za a ɗinka wa 'yar shara, ko da yadin ɗaya ne.

Samun littafin bai zama ƙarshen wahala ba, domin littafi ne da ba ya jin Hausa. Yana da fihirisa mai aiki ba tare da intanet ba, amma sai ka san sunan abin da kake nema da harshensa. Babu ƙugiya a ciki, babu boko. Microsoft ta taɓa fitar da fassarar fuskar Windows da Office da Hausa, amma cikakken littafin taimako na manhajar ofis aiki ne na wani mataki, kuma a jerin ƙunshin da ke cikin rumbun nan babu mai ha a sunansa. Abin da ɗalibin Hausa zai yi shi ne ya fassara matsalarsa zuwa harshen littafin, ya karanta, sannan ya fassaro maganin ya dawo da shi. Ta yi dare biyu a kan haka, da ƙamus a gefe.

Abu na farko da ta gano ba shi ta je nema ba. Tun da ta fara aikin, kowace kalma tana da jan layi a ƙarƙashi, kuma duk inda ta sa alamar tambaya ko ruwa biyu sai wani ɗan fili ya shiga gabansu, alamar zancen wani kuma ta koma « da ». Ta ɗauka halin na'urar ne. Ashe manhajar tana ɗaukar rubutun a matsayin Faransanci, tana yi masa ladabin Faransanci. A ƙarƙashin Outils akwai Langue, inda ake zaɓar harshen dukan rubutun, kuma a cikin dogon jerin akwai Hausa har kashi biyu, ta Najeriya da ta Gana. Da ta zaɓi ta Najeriya, jan layin ya ɓace, filin ma ya daina shigowa. Ɓacewar jan layin ba shaidar cewa rubutun ya yi daidai ba ce. Babu ƙamusun Hausa a cikin manhajar da zai duba shi, don haka shiru kawai ta yi.

Sai hamza. Kalmomi irin su 'ya'ya da 'yanci suna farawa da ita, manhajar kuwa tana ɗaukar duk waƙafin saman da ya zo a farkon kalma a matsayin buɗe zance, sai ta juya masa fuska. A cikin zaɓuɓɓukan AutoCorrection akwai wurin da ake hana ta wannan karambani. Dattijon ya ce shi bai san wannan ciwo ba, domin Fulatanci da ƴ ake rubuta sautin, kamar yadda ake yi a Hausar Nijar, kuma baƙin yana cikin abacadar bai-ɗaya ta harsunan Kamaru da aka amince da ita a 1979, tare da ɓ da ɗ. Ita dai ta tsaya a kan 'y, saboda littattafan da take kafa hujja da su na Kano da Zariya ne.

Ƙugiyoyin kansu suna da hanya fiye da ɗaya. Kowane baƙi yana da lambarsa a tsarin Unicode: ɓ ita ce 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, manyansu kuma 0181 da 018A da 0198. Idan aka rubuta lambar aka danna Alt tare da X, sai ta rikiɗe ta zama baƙin. Ta gwada da ƙura, ya yi. Ta gwada da baƙi, ya ƙi. Ta jima kafin ta gane dalili: lambobin nan na lissafin goma sha shida ne, wanda a cikinsa a, b, c, d, e da f duk alƙaluma ne, saboda haka manhajar ta haɗa b da a na farkon kalmar da lambar ta karanta su tare. Harshen da wasalin a ya cika shi kamar Hausa zai yi ta faɗawa wannan rami. Maganinsa shi ne a sa U+ kafin lambar, don a raba ta da abin da ya gabace ta.

Amma babu mai buga shafi arba'in yana kiran lamba a kowace kalma. Abin da abokiyarta ta ambata yana cikin teburin musanya na AutoCorrection, kuma littafin ya bayyana cewa idan aka kewaye abin da za a musanya da ɗigo da tauraro ta gaba da ta baya, musanyar za ta yi aiki har a tsakiyar kalma. Boko ba ya amfani da x, don haka ta mai da shi alamarta: kx ya zama ƙ, dx ya zama ɗ, bx ya zama ɓ, manyan baƙaƙe kuma ta yi musu nasu layin. Teburin na kowane harshe daban ne, sai da ta tabbatar ta zuba su a ƙarƙashin Hausa. Wannan ya magance abin da za ta buga nan gaba. Shafukan baya kuwa babu dabarar da za ta gyara su, domin na'ura ba ta san wace kafa ce ƙafa ba. Da ido da kunne ta bi su, tana mayar da muryar tsohuwa baya duk inda ta yi shakka, kuma a nan ta tarar da wurare uku da ita kanta ta ji ba daidai ba tun farko. A ɗaya daga ciki ta rubuta cewa kakan nasu ya yi fada a Yoko, har ta fara gina bayani a kan cewa ya zama bafaden sarki, alhali faɗa ya yi da wani madugu a kan kuɗin fito.

Kafin ta kai bugu, dattijon ya ja kunnenta a kan abu ɗaya: ba kowane salon baƙi ne ke da ƙ ba, kuma idan kwamfutar shago ba ta da salon da aka yi rubutun da shi, ƙugiyoyin kan fito a karkace ko su zama akwatuna. Ta zaɓi DejaVu, wanda ke zuwa tare da manhajar, ta fitar da aikin a PDF, wanda ke tafiya da baƙaƙensa a cikinsa. Ƙunshin taimakon kuma ta bar kwafinsa a filas, ta rubuta lambar zubin a jikin wata 'yar takarda ta manna, domin mutum uku a ajinsu wurin mai gyara ɗaya suka sayi kwamfuta.

Ranar Juma'a da dare aka sake zama a ɗakin tsohuwa. Yaron ya karanta tun daga Yola. Ya yi tuntuɓe a kan ɗ sau biyu, yayarsa ta nuna masa yadda ake yi. Da ya zo hanyar Yoko ya ce ƙura, tsohuwa ba ta ɗago ba. Sai da ya kai shigarsu Yaounde ta ɗaga hannu ta tsayar da shi, ta ce an manta da sunan matar da ta ba su masauki a daren farko, wata 'yar Bauci mai sayar da fura, kuma a ɗauko wayar nan yanzu tun tana tunawa.